Daga Ramin Kuza Zuwa Batirin Sola: Lissafin da Jos Ba Ta Kammala Ba

A ƙarshen watan Oktoban 2024, arewacin Najeriya ya shafe fiye da mako guda cikin duhu. Mahara sun riga sun lalata layin lantarki na Shiroro zuwa Kaduna, sai kuma na Ugwuaji zuwa Apir, wanda ke hauro da wuta ta Makurɗi zuwa Jos, ya samu matsala. A unguwar Nasarawa Gwom ta Jos masu walda suka rufe shago, masu sayar da ƙanƙara suka zauna hannu rabbana, masu cajin waya suka ƙara kuɗi. Janareta ma ya daina zama mafita, domin tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta doshi dubu. Sai duk mai ɗan hali ya juya ga rana. Yau in ka bi unguwar daga Filin Ball ka gangara wajen 'Yan Shanu kana duban rufin gidaje, za ka ga faifan sola a kan masallaci, a kan shagon magani, a kan gidan haya, wani ma an ɗaure shi da waya an danne da bulo.

Haka sauyin makamashi ya shigo mana. Alkawarin da Shugaba Muhammadu Buhari ya yi a taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021, cewa Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa nan da 2060, da kundin tsarin sauyin makamashi da gwamnati ta ƙaddamar a watan Agustan 2022, ba su ne suka hau da faifan nan kan rufi ba. Tsadar mai ce da rashin wuta. Kuma abin farin ciki ne: yaro yana karatu da dare, allurar rigakafi ba ta lalacewa, maƙwabta sun huta da ƙara da hayaƙi. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba. Daga ina kayan nan suka fito, kuma in sun mutu ina za su? Babu garin da ya fi Jos cancantar yin wannan tambaya, domin tana zaune a farkon hanyar, tana kuma zaune a ƙarshenta.

Darasin farko da ake koya wa ɗalibin injiniyan sarrafa sinadarai, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko a ATBU ta Bauchi, shi ne ya zana akwati a takarda ya kewaye injin da yake nazari, sannan ya lissafa duk abin da ya shiga da duk abin da ya fita. Dole lissafin ya daidaita. Kamar wadda ta kai mudu goma na masara injin niƙa ne: in ta haɗa garin da ta kwaso, da dusar, da wanda ya maƙale a injin, da wanda ya tashi ya sauka a gashin mai niƙa, mudu goman nan ne dai. Babu abin da ke ɓacewa, wuri kawai yake sauyawa. Abin da masanan wannan fanni ke ta nanatawa a 'yan shekarun nan shi ne cewa akwatin da aka saba zanawa ya yi ƙanƙanta. Ana kewaye masana'anta, a bar rafin da ke bayanta a waje, a bar leburan da ya haƙo ma'adinin, a bar bolar da kayan zai ƙare a ciki. Suna kira da a dubi abu dungurungum, daga rami har juji, tare da mutanen da ke rayuwa a tsakani. A takarda wannan magana ce ta ɗakin lacca. A Filato kuwa tarihi ne da ake iya taka shi da ƙafa.

Akwatin da aka zana wa kuza

Tun kafin zuwan Turawa, maƙeran Liruwen Dalma suna narka kuza su zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake su kai ta Kano da kasuwannin da ke gaba. Wannan ce ta jawo hankalin Kamfanin Neja. A 1902 ya turo masu bincike, bayansu wani Bature, Kanar Laws, ya hau tsaunin Filato ya kafa sansani a Naraguta. Jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914. Daga nan barikoki suka yi ta tsirowa: Bukuru, Barikin Ladi, Bisichi, Sabon Gidan Kanar. Kakannin da yawa daga cikin mazauna Nasarawa Gwom kwanon sarki ne ya kawo su, suna ɗaukar ƙasa a ka daga rami zuwa wurin wanki. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai aka shiga ɗiban gwamna: aka kwaso dubban talakawa daga lardunan arewa da ƙarfin tsiya, sanyin Filato da cuta suka kashe da dama. A 1943 abin da aka fitar ya kai wajen tan 17,000, adadin da ba a sake kaiwa ba.

Lissafin kamfanonin, irin su ATMN da ya fi kowa girma, daidai yake a cikin akwatinsa: leburori kaza, ruwa kaza, kuza tan kaza zuwa Liverpool. Har narkawar ma a can ake yi, sai a farkon shekarun 1960 aka buɗe masana'antar narka kuza ta Makeri. Abin da aka bari a wajen akwati shi ne abin da muka gada. Ƙasar noma fiye da murabba'in kilomita 300 ta lalace. Tafkunan da aka haƙa aka bari sun haura dubu, kuma har yau suna cin yara da dabbobi. Dokar ma'adinai ta 1946 ta zo da batun gyara ƙasa, aka cike wasu ramuka aka dasa itatuwan turare, amma gyaran bai taka kara ya karya ba. Da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a watan Oktoban 1985, wanda zai biya ya riga ya kama gabansa.

Wani abu a cikin wannan tarihi ya fi komai jan hankalina. Shekara da shekaru masu wankin kuza suna fama da wani baƙin dutse mai nauyi da ke bin kuzar yana rage mata daraja. Sukan ware shi su zubar. Kwalambait ke nan. Da aka fara buƙatar ƙarfen da ke cikinsa don injinan jiragen sama masu jure zafi, musamman a farkon shekarun 1950 da Amurka ke tara shi, sai aka koma ana tonon jujin da aka zubar jiya, Najeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi. Ashe sharar dukiya ce. To amma a cikin wannan jujin dai akwai wani yashi mai ruwan ƙasa-ƙasa, monazait, wanda ke ɗauke da toriyom, ɗan uwan yuraniyom, mai fitar da tururin da ido ba ya gani amma yana cutar da jiki in an daɗe tare da shi. Masu bincike sun sha aunawa a wuraren tace kuza na Jos da Bukuru suna samun adadin ya zarce na sauran wurare. An kuma sha kwasar irin wannan yashi a yi bulo ko a yi yaɓe da shi. Wannan monazait ɗin kuma shi ne ke ɗauke da ƙarafan da ake yin maganaɗisun injin motar lantarki da na fankar samar da wuta daga iska. Tulin ƙasa ɗaya, ga arziki ga guba, kuma ba ka isa ka ɗauki ɗaya ka ce ba ka ga ɗayan ba.

Kuza ta dawo

Kusan rabin kuzar da duniya ke amfani da ita tana tafiya ne wajen liƙe wayoyi a cikin kayan lantarki. Duk wata inbata, duk wata waya, duk wani faifan sola, akwai ɗigon kuza da ke riƙe da shi. Shi ya sa farashinta ya farfaɗo har tan ɗaya ya haura dala 30,000 a 2024, shi ya sa kuma matasa suka koma rami. Yanzu babu manyan injinan haƙa na zamanin ATMN. Loto ake yi: rijiya ƙunci mai zurfi, a saukar da mutum da igiya, ya bi jijiyar kuza ta ƙarƙashin ƙasa da tocila a goshi, a jawo ƙasar da bokiti. A watan Nuwamban 2024 rami ya rufta da mutum 13 a yankin Bassa. A watan Fabrairun 2025 Gwamna Caleb Mutfwang ya dakatar da haƙar ma'adinai a jihar baki ɗaya, yana kafa hujja da tsaro da yaran da ke barin makaranta.

Wanda bai taɓa shiga rumfar tace kuza ba, ga yadda take. Mata sun riga sun wanke ƙasar a magudanar ruwa, yashi mai sauƙi ya bi ruwa, mai nauyin ya kwanta, domin kuza ta ninka yashi nauyi fiye da sau biyu. An shanya a kan siminti ya bushe. Sai a zuba a wani teburi mai rawa da iska ke hurowa ta ƙarƙashinsa, ƙwayoyin su rabu layi-layi. Daga nan sai injin maganaɗisu, wanda ke zare baƙin yashi mai ƙarfe da kwalambait ya bar kuza. Saurayin da ke tsaye a bakin injin ya yi fari fat da ƙura tun daga gira har ƙafa, wani ya ɗaura tsumma a hanci, wani ko oho. A bayan rumfar ga tulin ragowa nan, kaji na tono, yara na wasa a kai. Wannan aikin injiniyan sinadarai ne tsantsa, rarrabe abu da abu ta hanyar nauyi da maganaɗisu, kuma masu yin sa gwanaye ne. Abin da babu shi ne wanda zai auna abin da ke cikin ƙurar da cikin tulin.

A maƙwabciyarmu jihar Nasarawa labarin litiyom ne. A watan Mayun 2024 aka buɗe masana'antar kamfanin Avatar na 'yan China, aka yi ta murna. Ya kamata dai a san abin da ake nufi da sarrafawa a nan. Niƙa dutse da tace shi mataki ne na farko. Kafin ya zama sinadarin batir sai an gasa shi a zafin da ya haura digiri 1,000, a sake dafa shi da ruwan asid, a jiƙa, a tace, kuma sai an ci wajen tan bakwai zuwa takwas na tataccen dutse kafin a samu tan ɗaya. Mafi yawan wannan aiki a China ake yin sa. Ina goyon bayan a kawo shi gida, amma wanda ya ce a kawo, ya faɗa mana inda wutar gashin za ta fito, da inda za a zuba ragowar tan shida zuwa bakwai da dagwalon asid. A ƙarshen 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya nuna ƙananan yara suna tsintar dutsen litiyom a ƙauyen Pasali na wannan jiha. Su ma suna cikin lissafi.

Inda batir ke ƙarewa

Mu dawo unguwa. Mafi yawan gidajen da suka sa sola a Nasarawa Gwom batirin dalma suke amfani da shi, irin dogon nan mai ruwa, saboda shi ne aljihu ke iya ɗauka. Guda ɗaya yakan kai kilo 60, kuma fiye da rabin nauyin dalma ce zalla, sauran ruwan asid ne da roba. Faifan sola na iya shekara 25 yana aiki, batirin kuwa in ya yi uku ko huɗu an gode Allah. Ke nan kafin faifai ɗaya ya tsufa, gida ɗaya zai zubar da batir sau shida ko fiye.

Sau da yawa ma ba ya kai haka, kuma dalilin yana kan rufi. Mai gida yana son ragi, mai haɗawa yana son ciniki, sai a sa faifai biyu inda ya kamata a sa huɗu. A watannin Yuli da Agusta, lokacin da hadari ke rufe Jos kwana da kwanaki, batirin ba ya cika, da dare kuma a zuƙe shi har ƙasa. Batirin dalma ba ya son a sha fiye da rabinsa. In ana yi masa haka, wani farin gishiri yakan daskare a jikin farantansa, ya daina riƙe caji, cikin shekara guda ya mutu. Kuɗin da aka rage a faifai ya koma dalma a bola. Abin takaicin shi ne Jos tana da wani fifiko a kan Kano da Sakkwato a wannan fasaha, domin sanyinta na ƙara wa faifai ƙarfi, yana kuma tsawaita ran batir, wanda zafi ke cinyewa.

In batir ya mutu, ɗan jari-bola ne ke zuwa da baro. A wurin 'yan gwangwan, abu na farko shi ne a kwance murafun a kifa shi a bakin kwata, domin mai saye dalma yake biya, ba ruwa ba. Ruwan na sauka ƙasa na tafasa tana kumfa. Wani lokaci a sa gatari a fasa robar, a zaro farantan da hannu, baƙar laka na zuba, ta bushe ta zama ƙura. Da hannun nan za a ci rogo da ƙuli, da kayan nan za a koma gida a ɗauki jariri. Kwatar kuwa, kamar yawancin kwatocin wannan ɓangare na gari, rafin Dilimi ta nufa, inda masu lambu ke jan ruwa da rani su shayar da latas da kabeji da karas. Manoman lambun Jos sun daɗe suna sayen tokar bolar gari su zuba a matsayin taki, dabara ce mai kyau da ta rayar da ƙasar da haƙar kuza ta kashe. Amma bolar da ake ƙonawa yau akwai matattun fitilun sola da ƙananan batura a cikinta. Daga can sai kasuwar Farin Gada, sai tukunya.

Mun san abin da dalma ke yi. A 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, inda ake niƙa dutsen zinare a tsakar gida. A 2015 ta sake kashe yara a Shikira ta jihar Neja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a kira marar illa. Wadda ba ta kashe ba takan dakushe masa ƙwaƙwalwa, ba tare da zazzaɓi ko ƙurji da uwa za ta gani ba, sai dai a ce yaron ba ya gane karatu. Farantan da aka loda a mota kuma kudu suke tafiya, da yawa zuwa masana'antun narka dalma na Ogijo a jihar Ogun, inda binciken 'yan jarida a 2025 ya samu dalma mai yawa a jinin ma'aikata da mazauna garin.

Ba laifin ɗan jari-bola ba ne, kuma duk wanda ya ce a kore shi bai fahimci tsarin ba. Shi kaɗai ne ke bin gida-gida yana tattara batir, aikin da babu wata hukuma da ke yi. Batirin dalma yana cikin kayan da aka fi iya sake sarrafawa a duniya: a Amurka kusan duka ake mayarwa, saboda mai saye yana ajiye wani kuɗi da ba za a mayar masa ba sai ya kawo tsohon. A nan ma abin da ake buƙata bai fi ƙarfinmu ba. A biya ɗan jari-bola kuɗi mafi tsoka in ya kawo batir da ruwansa ba a fasa ba, a samar da rumfa mai daɓen siminti da tankin tara asid, a kashe kaifin asid ɗin da farar ƙasa. Hukumar kare muhalli ta NESREA ta fitar da dokar kula da batura a 2024, wadda ta ɗora wa masu shigo da su da masu ƙera su alhakin abin da suka sayar har bayan mutuwarsa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Saura a ga dokar a unguwannin Jos irin su Dilimi da Katako, ba a Abuja kaɗai ba.

Batirin litiyom da masu kuɗi suka fara komawa gare shi ya fi daɗewa, kuma babu dalma a ciki. Sai dai irin wanda aka fi sa wa sola ba shi da wani ƙarfe mai tsada da zai sa ɗan gwangwan ya bi shi, in kuma aka fasa shi yana iya kamawa da wuta mai wuyar kashewa. Nan da shekara goma za su fara mutuwa da yawa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Ruwan Kurra

Akwai gado ɗaya na zamanin kuza da ya zo da alheri. Saboda injinan haƙa na buƙatar wuta, aka gina tashar lantarki ta ruwa a Kwall a shekarun 1920, sannan aka kafa kamfanin NESCO a 1929 ya gina ta Kurra, daga baya aka ƙara wasu a kan kogin guda, ruwan da ya juya injin sama ya gangara ya juya na ƙasa. Kamfanonin kuza sun tafi, NESCO na nan yana ba Bukuru da wasu sassan jihar wuta, kuma mutanen Filato sun san bambancin wutarsa da ta babban layi. Rauninsa shi ne rani, lokacin da ruwa ke ja baya. Ranin nan kuwa shi ne lokacin da rana ta fi ƙarfi a Filato, damina kuma, da hadari ke raunana sola, ita ce lokacin da dam ke cika.

A ganina nan ne duban dungurungum zai fi biyan Jos. In aka kafa babbar gonar sola kusa da layukan da ke akwai, ta ɗauki nauyin rana, sai a riƙe ruwan dam a sake shi da dare. Ruwan ya zama ma'ajiyar wuta ke nan, wadda ba ta da dalma ba ta da asid. Ƙasar da kuza ta lalata, wadda ba ta nomuwa, za ta iya ɗaukar faifan ba tare da an taɓa gonar kowa ba, batun da ba wasa ba ne a jihar da rikicin ƙasa ya ci rayuka. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Duk unguwar da ta samu tsayayyar wuta da dare, gidajenta ba sa buƙatar tara batura huɗu-huɗu a lungu.

Masu ilimin yin wannan lissafi ba su da nisa. Cibiyar Bunƙasa Ƙarafa ta Ƙasa tana Jos, haka Cibiyar Nazarin Haƙar Ma'adinai, ga Jami'ar Jos, ga sassan injiniyan sinadarai a Bauchi da Zariya da Minna da ke yaye ɗalibai duk shekara, kowanne da aikin bincikensa na ƙarshe. Da za a tura ashirin daga cikinsu Nasarawa Gwom, su zauna da mai unguwa da shugabannin 'yan gwangwan da masu haɗa sola, su ƙirga batir nawa ke shigowa a wata, nawa ke fita, nawa ake fasawa, su ɗebi ƙasar bakin kwata da ruwan Dilimi da tokar lambu su auna, su kuma haɗa kai da asibiti a gwada jinin yaran da ke zaune kusa da wuraren fasa batir, da cikin zango biyu na karatu gwamnatin jiha ta samu alƙaluman da za ta san inda za ta fara gina rumfar farko.